Idanun Musyu Florent

Al-Naseem, Riyad

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara. Yaya jikin Baba?

Na ji saƙonki cewa in zo, amma ki ƙara min haƙuri. Kin san maigidana Musyu Florent, Bafaranshen nan mai tsara hasken fitilu a manyan gine-gine. Tun yana saurayi yake haska dandalin wasan kwaikwayo a garinsu, har ya kafa kamfaninsa. Yanzu ganinsa ya fara dusashewa, kuma ni kaɗai na sani. In mun tsaya gaban otal ɗin da muke yi wa aiki a unguwar Al-Murabba, ni nake raɗa masa inda haske ya yi yawa da inda inuwa ta kwanta, shi kuma ya ba da umarni. Da na nemi izinin tafiya, hannuna ya kama ya ce, "Idrisu, in ka tafi na makance."

Ana buɗe otal zan taho.

Ƙaninki,
Idrisu

Funtuwa

Idrisu,

Wa alaikumus salam. Baba ya rasu ranar Alhamis. Ko iska ce ta taɓa ƙofa sai ya ɗago kai ya tambaya ko kai ne. Da na gaji da ce masa kana hanya, sai na koma yin shiru. Maƙwabta ne suka sa shi a kabari.

Ka gaida Baturenka.

Rabi

Al-Naseem

Yaya,

Sallama da gaisuwar ta'aziyya. Allah ya jiƙan Baba.

An buɗe otal, jaridu sun yi ta yabon Musyu Florent. Ashe tuni ya sayar da kamfanin, mu ma'aikata ba mu sani ba. Ni na kai shi filin jirgi. A mota na faɗa masa rasuwar, ya ce "malesh", wato sai haƙuri, sannan ya shiga ba ni labarin jikokinsa. Wai yana so ya ga fuskokinsu kafin duhu ya rufe shi, don iyali sun fi komai.

Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, ta koma hannun sabon kafili, wanda ya sayi kamfanin, ya ce bana babu hutu. Ki yafe min, Yaya.

Ƙaninki,
Idrisu

Funtuwa

Idrisu,

Salam. Jiya muka yi sadakar arba'in. Kada ka wahalar da kanka wajen roƙon kafili, ka zo duk sanda ya ga dama. Mai jiran naka ya riga ya tafi.

Ka huta lafiya.

Rabi