Na sa hannu a takardar Madam ban karanta ba

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a sakaya sunana, wanda ya gane ni kuma ya rufa min asiri. Don Allah ku ba ni shawara, amma ban da wa'azi, wa'azin na yi wa kaina har ya ishe ni.

Ni mai walda ne, shagona yana Kawo ta bayan tasha, gida kuma Unguwar Kanawa. Na haura shekara arba'in da biyar. Boko na yi shi zuwa aji biyu na sakandare na ajiye, kuma Turanci ne ya kore ni, ba talauci ba kamar yadda na saba gaya wa mutane. Muna da wani malami da yake tsayar da ni a gaban allo in yi karatu, in na yi tuntuɓe sai ya kwaikwayi bakina, aji ya kwashe da dariya. Wata rana aka fita tara, ni ban sake komawa ba. Hausa ina rubutawa kamar yadda kuke gani, Turanci kuwa in gajere ne irin na allon hanya ina kamawa, in ya yi tsawo sai layukan su cakuɗe min. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su yau su ne masu kwat, su zo in yi musu ƙofa da taga suna magana da ni ta gilashin mota. Ba na son 'yan boko, ba zan ɓoye muku ba.

'Yata ta fari, bari in ce sunanta Hauwa, bana ta shiga aji ɗaya na babbar sakandare. Yarinya ce mai kai, ba don ni na haife ta ba. Malamar Turancinsu 'yar kudancin Kaduna ce, Madam yaran suke ce mata, kuma an ce ba ta duka amma ba ta wasa. A satin farko ta raba wa kowa takarda shafi biyu, an jera abin da take so a ajinta, ƙamus, littafin labari guda biyu da za su karanta kafin ƙarshen zango, littafin rubutu mai kauri na darasinta kaɗai, sannan dokoki masu lamba, a ƙasa kuma wurin da uba zai sa hannu cewa ya karanta ya yarda. Hauwa ta kawo min a tsakar gida, uwarta da ƙannenta duk suna zaune, ta ce Baba ko in karanta maka? Da zuciya ɗaya ta faɗa, ni kuwa sai na ji kamar ta watsa min ruwan zafi. Na ce ke, tun kafin a san za a haife ki nake karanta Turanci, miƙo nan. Na riƙe takardar ina bin ta da ido ina gyaɗa kai, na juya shafi na biyu, har da cewa to ba laifi, na sa hannu. Wallahi ban da sunan makarantar da kalmar ƙamus babu abin da na kama. Kayan da ake so ita ta lissafa min na saya.

Sati na uku Madam ta ba su aikin farko mai maki. Kowa ya zauna da wani babba a gidansu ya tambaye shi sana'arsa, ya rubuta shafi biyu, kuma za a karanta a gaban aji. Hauwa ta zaɓe ni. Ranar Lahadi bayan la'asar ta zauna da bironta tana tambaya ina ba ta amsa, ni na ɗauka hira ce kawai, na sake baki. Na gaya mata yadda na koyi walda a hannun wani tsoho a Kurmin Mashi, yadda ido yake yi kamar an zuba yashi in wuta ta kama shi, yadda babu rigar aikina ɗaya da tartsatsi bai huda ba, har maganar barin makaranta na ba ta. Bayan kwana biyu ta zo da murnarta za ta karanta min, tana karantawa tana juya min da Hausa. Komai ta sa. Hannuna mai tabo, rigar mai huji, aji biyun da na tsaya. Ta rufe da cewa ƙofar gidaje da yawa a unguwarmu babanta ne ya yi, mutane suna barci a bayan aikinsa ba su sani ba.

Yanzu da nake rubutawa na san abu mai kyau ne. A lokacin abin da na gani shi ne yara hamsin, 'ya'yan ma'aikata, suna jin cewa uban Hauwa aji biyu ya tsaya. Na karɓe takardun na ce wannan ba aiki ba ne, tallan asirin gida ne. Washegari na je wani shagon kwamfuta a Kawo, na ce wa mai shagon ya yi min wani mai kyau da manyan kalmomi. Mutumin ko minti goma bai yi ba, ya tambayi wannan abin na waya da yake rubuta wa mutane komai, ya buga ya fitar min a farar takarda tas. Na ce me ya ce a kaina, ya ce ya mai da ni injiniyan ƙarfe mai kamfani da ma'aikata. Na yi dariya na ce ai ba ƙarya, ƙarfe dai nake juyawa.

Na kai wa Hauwa ta karanta. Ta ce Madam ta hana aikin kwamfuta, da hannu ake rubutawa kuma da kalmomin mutum, yana cikin takardar da na sa wa hannu. Nan ne inda na yi abin da yake hana ni sukuni. Na ce mata ni na karanta takardar daga farko har ƙarshe babu wannan dokar, ko tana nufin ƙarya nake? Uwarta ta sa baki ta ce in bar yarinya da aikinta, na ce ta tsaya a kan tukunyarta tunda ita ko aji biyun ba ta gani ba. Hauwa ta sa farar takardar a jaka ta tafi da ita.

Abin da ya faru a aji daga bakin uwarta na ji, ita ba ta gaya min ba. Madam ta tsayar da ita ta karanta, ta kai tsakiya ta tsayar da ita a kan wata kalma ta ce mene ne ma'anarta, yarinya ta kasa. Ta nuna wata, ta kasa. Ta ba ta sifili a aikin, ta ce a gaban kowa satar aiki ta yi, kuma makin zangon nan nata a rataye yake sai ta ga uba. A ajin akwai waɗanda suke wucewa ta gaban shagona kullum, sun san ni da tabarau baƙi a tsugune, yanzu sunanta 'yar injiniya, in ta shigo sai su ce a ba 'yar injiniya hanya, ina motar kamfani yau? Sati biyu ke nan. Yarinyar da take tara ƙannenta ta karanta musu littafin labarin nan tana canza murya, yanzu littafin yana kan taga ya yi ƙura. Tana gaishe ni, tana kawo min abinci, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Da ta yi min rashin kunya ma da na fi samun sauƙi.

Shekaranjiya aka aiko takardar kira, Litinin ƙarfe goma. Na kira Hauwa ɗaki mu biyu, na ce ta ɗauko waccan takardar ta dokoki ta karanta min. Shekara talatin rabon da in ce wa wani karanta min. Ta karanta ɗaya bayan ɗaya tana juyawa da Hausa, ba ta kalle ni ba. Doka ta huɗu ce, duk aikin da ba da hannunka da kanka ka yi ba sifili ne, kuma wanda ya yi ƙarya a kan aikinsa laifinsa ya zama biyu. Da ta gama na ce zan je in gaya wa Madam ni ne. Sai ta durƙusa ta ce Baba don Allah kar ka faɗa. Ashe tun ranar da abin ya faru Madam ta tambaye ta wa ya taimaka mata, ta ce ita kaɗai ta je shagon a ɓoye, babanta bai san komai ba, shi ya karanta dokokin ya ma ja mata kunne. Ta ce in na faɗa yanzu ta zama maƙaryaciya sau biyu, kuma maganar za ta fita, ita ta gwammace a ce mata ɓarauniyar aiki da a ce wani abu a kaina. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar ke nan take rufa min asiri, ni da ya kamata in rufa nata.

Uwarta ta ce in je in faɗi gaskiya, takardun da ta rubuta da hannunta suna nan a akwatin kayan aikina a ninke, in kai wa Madam ta gani da idonta, mai ilimi ce za ta gane. Yayana kuwa da na je masa ya ce kar in kuskura, uba ba ya zuwa gaban baƙuwa ya tuɓe kansa a gaban 'yarsa, sifili ɗaya bai taɓa kashe kowa ba, zango na gaba za ta rama, yara kuma za su gaji su samu wani abin tsokana. Ya ce in girmana ya zube a idonta ba walda da za ta haɗa shi. Ni kuma a raina na ce wane girman, ai ita ta fi kowa sanin inda yake. Sannan ga tsoron da ba na iya gaya wa su biyun, ban san Madam ba, ban san ko irin wancan malamin nawa ba ce. In na shiga ofis ta fara min Turanci a gaban sauran malamai, ban san abin da bakina zai faɗa ba, na san halina, ina iya ɓata abin fiye da yadda yake.

To jama'a, musamman malamai da suke cikin gidan nan, ku faɗa min gaskiya ko da ɗaci. In uba ya zo muku da irin wannan magana kuna mayar wa yaro makinsa da sunansa, ko kuwa ƙaryar da ta yi don ta kare ni ita ma sai an hukunta ta a kai? In je ni kaɗai kafin Litinin in sami Madam a gefe ba da sanin Hauwa ba, ko wannan ma wata sabuwar cin amana ce bayan ta durƙusa ta roƙe ni? In kuma na bi maganarta na yi shiru, ku sani ba shiru ne kawai ba. Za a zaunar da ni a kujera ita tana tsaye, a karanta laifin, sannan Madam ta juyo ta ce Baba ga 'yarka, ka yi mata faɗa. Me zan ce mata?