Likita Na Jiran Baba Ranar Alhamis

Houston

Ƙanwata Nolvia,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da Inna Rosaura.

Yau ina kan rufin wani gida muna aiki sai imel ya shigo daga asibitinku. Wai ana tunatar da Baba, Don Eulalio Maradiaga, cewa likitan zuciya na jiransa ranar Alhamis, kada ya karya kumallo. Kin san adireshina aka rubuta masa tunda shi ba ya taɓa waya. Saura kaɗan in faɗo. Mutumin da ambaliya ta ci, kuka binne shi ina kallo ta waya? Ba ke ce mai kula da kwamfutocin wurin ba? Wane irin wasa ne wannan?

Ki ba ni amsa.

Yayanki,
Edilberto

La Lima

Yaya Beto,

Ina gaishe ka. Inna tana nan lafiya, tun ambaliyar har yanzu muna kwana a makaranta.

Ni na jawo. Ruwa ya shafe ɗakin kwamfuta har silin, da muka buɗe babbar na'urar laka muka kwaso da cokali. Amma muna da kwafin ajiya a babban birni Tegucigalpa, na kafin ruwan. An ba mu aron na'ura, na mayar da bayanan majinyata, suka dawo cif. Sai na tayar da na'urar imel, na manta ban tsayar da saƙonnin tunatarwa ba. Na fita sayen baleada, wainar fulawa da wake, kafin in dawo duk sun tafi. A cikin wannan kwafin ba wanda ya mutu.

Da rana wata mata ta zo da waya a hannu, ba a ga mijinta ba tun ranar ruwan. Ta ce, "Ɗiyata, tunda kun kira shi, ai kun san inda yake." Na ce na'ura ce ta aika. Ta ce, "To ki tambaye ta mana." Na ba ta kujera, ta zauna har muka tashi.

Shugaban asibiti bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in bi sunaye in rufe fayil ɗin duk wanda aka tabbatar ya rasu. Wilmer, abokin aikina, ya ce, "Ke kaɗai kika ta da rabin unguwa daga matattu, ko Fadan coci bai iya ba." Na yi dariya, ina jin.

Ka yi haƙuri.

Nolvia

Houston

Nolvita,

Gaisuwa, da ban haƙuri. Bakina ya fi ni sauri, kin sani.

Na karanta wasiƙarki a mota na kasa tuƙi. Ke kika je kika gane gawar, ke kika nemo akwati, ni ina nan rashin takardar izinin zama ya hana ni motsi. Inna ta ce ko a maƙabarta ba ki yi kuka ba, kuma ba kya barci. Don Allah ki bar wa Wilmer ɗin nan fayil ɗin Baba. Ba dole sai ke ba.

Ban goge imel ɗin ba. Nakan buɗe shi lokacin cin abinci, ban san dalili ba.

Allah ya tsare min ke.

Beto

La Lima

Yaya,

Ina gaisuwa.

Wilmer yana da nasa mamatan, ƙanwarsa da ɗanta. Na karɓar masa waɗannan.

Bi-da-bi nake yi bisa haruffa, jiya na iso harafin M, kan Baba. Akwai hotonsa da farar hular nan, ya ɓata rai don an ce ya cire ya ƙi. Wurin dalilin rasuwa babu ambaliya a zaɓi, sai na shiga "wani abu daban" na rubuta ruwa. Na'urar ta karɓa.

Na jira in ji wani abu, har allon ya yi duhu. Sai na wanke kofina na tafi.

Gobe zan shiga masu harafin N.

Ka huta lafiya.

Nolvia