Ranar Da Na Ce Ba Ni Da Uwa a Filin Fareti

Zuwa ga Inna, mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan makwancinki na cikin haske da yalwa, ina sanar da ke mutanen gida duk lafiya. Gwaggo Hajo tana nan, sai ciwon gwiwa da yawan magana. Balki ƙanwata ta sauka, an samu namiji. Garinmu Tsamaye dai har yau ba mu koma ba, gonarki tana can ciyawa ta cinye.

Na san ba ki karatun boko, kuma ko kina yi, inda kike takarda ba ta zuwa. Na san kuma da kina raye kika ji na baje maganar gida a gaban mutanen waya, da kin ja mayafi kin rufe baki. Ki yi haƙuri. A bainar jama'a na yi miki laifin, shi ya sa na ga bai dace in ɓuya cikin ɗaki in ba da haƙuri ba. Damina uku ke nan da rasuwarki, ban san ko kin yafe mini ba. Abin da ya hana ni sakat ke nan.

Ko wannan "Inna" da na rubuta a sama, sai da hannuna ya yi nauyi, don ban taɓa kiranki da shi ba. Ke kin san dalili, amma yaran yanzu da ke leƙen wasiƙar nan ba lalle su sani ba. Ni ce 'yar fari. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna a gaban mutane cewa nata ne. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Hajo, yayar Baba, a Sabon Birni. Ƙannena suna ce miki Inna, ni ina ce miki Yaya. In kina son a kira ni, sai ki ce wa Balki, "Kira waccan." Na girma ina amsa waccan kamar sunan yanka.

Kin tuna irin yarinyar da nake? In baƙo ya gaishe ni, yatsun ƙafata nake amsa wa. Gwaggo takan ce in ana rabon magana a lahira, ni sai dai a ajiye mini rabona. Haka aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata a Isa, ban iya haɗa ido ko da mai sayar da ƙosai ba.

Can na haɗu da Malama Ladidi, mai kula da 'yan gaid, wato sikawut na mata. Gajeriya ce, amma in ta busa usur har awakin maƙwabta sai sun tsaya. Ta koya mana ɗaurin igiya da kafa tanti da ɗaure karaya da hura wuta da ashana ɗaya. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne fareti. Ta tsayar da ni a bakin fili, ita ta koma can ƙarshe, ta ce in ba da umarni. Na yi ƙus-ƙus. Ta ce, "Murya daga ciki take fitowa, ba daga hanci ba. Sake!" Na sake har hawaye suka zo. Wata guda muna haka kullum da la'asar. Ranar da na daka tsawar da ta sa yara arba'in suka ƙame a lokaci ɗaya, ni kaina sai da na waiga in ga wa ya yi magana.

Da na zo hutu Tsamaye da shuɗiyar rigar 'yan gaid, Baba ya dawo daga fataucin Maraɗi ya gan ta a kan igiya. Ya ce, "Ɗiya mace da usur awa ɗan sanda? Ba a gidana ba." Kina tankaɗe a gindin turmi. Ba ki ɗaga kai ba, ba ki dube ni ba, kika ce, "Ɗiyar Hajo ta. Mai ɗiya ta yarda, mi namu a ciki?" Baba ya bar maganar, don duk faɗansa ba ya ja da yayarsa. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ba ni uzurin cewa ban san kina sona ba. Na sani sarai.

A aji biyar aka zaɓe ni shugabar 'yan gaid ta makaranta. Aka sa ranar biki, aka ce babbar baƙuwa za ta zo daga Sakkwato, kuma uwar kowace shugaba ce za ta fito fili ta ɗaura mata ƙyallen wuya. Na aika Balki ta gaya miki. Na ƙara aika ta. A lokacin kaina ya cika da sabon ilimi, ina ganin tunda ni na iya ɗaga kai, to duk mai sunkuyarwa duhun kai ke damunsa. Na ɗaura wa raina cewa ranar nan sai kin fito kin taɓa ni a gaban duniya, ko al'ada ta so ko ta ƙi.

Kuma kika zo. Ke da ko biki ba ki cika zuwa ba, kika hau motar 'yan kasuwa tun da safe, a kan buhunan gero, kika biya Sabon Birni kika ɗauki Gwaggo. Daga inda nake tsaye na hango ku a inuwar bedi, wato dogon yaro, can bayan taro, kina sanye da zanen nan mai ruwan ƙasa da kike ajiyewa don sallah.

Aka kira shugabannin rukuni, uwayensu suka fito ɗaya bayan ɗaya, ana tafi ana guɗa. Aka zo kaina. Baƙuwar ta ce, "Ina mahaifiyar shugaba?" Ta sake tambaya. Na dube ki. Kika ja mayafi kika juyar da kai wajen katanga, kamar an kira wata can daban. Sai na ga kin zunguri Gwaggo da gwiwar hannu. Gwaggo ta miƙe, tana gyara ɗankwali, tana murmushi da jajayen haƙoranta na goro, ta fara ratso mutane.

Inna, abin da ya dace ke nan. Ita ta goya ni, ita ta yi jinyar ƙyandata, kuma ke kika turo ta. Amma zuciya ta ɗebe ni. Na ƙame, na ɗaga yatsu uku na sara wa baƙuwar, na buɗe muryar nan da aka yi wata guda ana gina mini, na ce, "Ranki ya daɗe, ba ni da uwa a nan!"

Gwaggo ta tsaya cak a tsakiyar fili. Ta yi kamar takalminta ne ya tsinke, ta duƙa ta taɓa shi, ta juya ta koma. Baƙuwar ta ɗauka marainiya ce ni. Ta ɗaura mini ƙyallen da hannunta, ta rungume ni, ta ce wa taro su dubi abin da tarbiyyar gaid ta yi wa yarinyar da ba ta da uwa. Aka yi mini tafin da ba a yi wa kowa ba. Na tsaya na karɓe shi duka, har da ɗan murmushi.

Kafin a tashi kun tafi. Mai gadi ya miƙo mini ƙwarya cike da fura, an rufe da faifai, ya ce wata mata ta bari. Na dama wa 'yan rukunina, suka sha suna santi. Da suka tambayi wa ya kawo, na ce wata 'yar garinmu ce.

Malama Ladidi kaɗai ta san gaskiya, don ita ke riƙe da takardunmu. Washegari ta kira ni, ta ce, "Na koya miki ɗaga murya, ban koya miki inda ake sauke ta ba. Laifina ne." Da ta zane ni da ya fi mini sauƙi.

Na zo hutu ina jiran faɗa, ba ki yi ba. Kika ce wa Balki, "Zuba ma waccan tuwo," kamar kullum. Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, wanda a wajenta ya kai azumin shekara, sannan ta huce. Ni kuma na ce gobe za ni ba ki haƙuri. Goben nan ta kai ni kwalejin horon malamai, ta kai ni ɗakin aure, ta dawo da ni Isa a matsayin malama, ni ce ma yau nake riƙe da usur ɗin 'yan gaid.

Kuma aikin ya yi amfani, ba za ni ɓoye ba. Lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, mutane suka cika azuzuwan firamare, yarana ne suka tsara layin ruwa, suka rarraba mata da yara ɗaki-ɗaki, suka wanke raunuka. Yarinya 'yar shekara sha huɗu ta tsaya gaban manyan maza ta ce a bi layi, kuma aka bi. Ana gayyata ta taro in yi bayanin yadda ake koya wa 'ya mace tsayawa da ƙafafunta. Ina da baki, kowa ya shaida. Amma in na shigo gidan da kika yi gudun hijira a Sabon Birni, na durƙusa na gaishe ki, sai bakin ya mutu.

Kwana uku na yi a gefen tabarmarki a ciwon ajali. Ina ba ki kunu a cokali, kina karɓa kina kallon bango. Sau nawa na haɗa maganar a raina! A rana ta uku na daure na ce, "Yaya, mu yafi juna." Kika ce, "Allah shi yafe muna baki ɗai." Wannan ko maƙwabci aka ce wa haka zai amsa. Ban ambaci laifin ba, ke ma ba ki ambata ba. Matar da ke tsawata wa yara ɗari a fili ta kasa faɗin jimla ɗaya ga tsohuwa kwance. Ina jin kunyar wannan fiye da ta ranar faretin, don ranar faretin yarinya ce ni.

Asabar ɗin da ta wuce muka yi bikin ɗaura ƙyalle. Tun da na karɓi aikin na canza kiran, nakan ce, "Uwa, ko wadda uwa ta wakilta." Duk da haka, wata yarinya mai suna Nafisa, 'yar fari daga Bafarawa, ta tsaya tana hararar bayan taro, kakarta na tahowa. Na san wannan fuskar. Na matsa kusa da ita kamar mai gyara mata hijabi, na ce a hankali, "Mahaifiyarki ta zo ko ba ta zo ba?" Ta ce ta zo. Na ce, "To riƙe bakinki, ki sunkuya wa kakarki." Ta sunkuya.

Daga filin ban koma gida ba, na hau mashin sai Sabon Birni. Na tarar da Gwaggo tana shafa man zafi a gwiwa. Shekara ashirin da wani abu, ranar na fara tayar da maganar. Na ba ta haƙuri, ta ce ita tuni ta manta, sannan ta kwashe rabin awa tana ba ni labarin abin da ta manta ɗin, har da launin takalminta. Da ta lafa na tambaye ta ko kin taɓa cewa kin yafe.

Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ba ki taɓa cewa na yi miki laifi ba, balle ki ce kin yafe. Ta ce da na yi maganar, matan da ke kusa da ku suka ce, "Allah sarki, marainiya ta. Allah shi jiƙan uwatta." Ke kuma kika shafa fuska tare da su kika ce amin.

Ta ce a mota ba ki yi magana ba har kuka wuce gulbi. Ita tana ta zagina, tana cewa boko ya lalata ni. Can sai kika matso, kika duba hagu da dama ko akwai wanda ya san ku, kika rage murya kika ce, "Hajo, kin jiya muryatta? Hab bakin hanya ana jin ta. Yarinyar da ko gaisuwa ba ta iyawa!" Gwaggo ta rantse mini da Allah dariya kike yi cikin mayafi.

Inna, da muryar na soke ki, ke kuma ita kika ɗauka kika tafi da ita gida kina murna. Na je neman a ce mini kin yafe, na dawo da abin da ya fi ƙarfina. Tun ranar Asabar in na sa usur a baki sai in kasa busawa.

To ga shi yau na faɗa a fili, da sunansa. Na yi ƙarya ranar nan. Ina da uwa a wurin, tana inuwar bedi, ta taso tun daga Tsamaye a kan buhunan gero don ta gan ni. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙan ki, ya sa kin huta, ya yalwata miki kabari, ya ba ki inuwar da ta fi ta ranar nan sanyi. Allah ya saka wa Gwaggo da Malama Ladidi da alheri. Ya ba yaran da nake koyarwa murya, ya ba su sanin inda ake sauke ta. Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, mu koma mu share gonarki. In tamu ta zo, Allah ya haɗa fuskokinmu a Aljanna, in faɗa miki da bakina. Amin.

Wassalam,
'Yarki ta fari,
Hadiza