Sunan da Dutse Bai Danne Ba

Zuwa ga jikana Ambros,

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, tunda an ce ka zama lauya a Birisben ta ƙasar Ostireliya har kana saka taye. Ya sa mun haƙa kabari tara amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasarmu ba. An rufe maganar da dutse, dutsen bai danne shi ba. Wane ne? Kada ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka, tun kana yaro ta gindi kake fara cin rogo.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Filomena da 'yar jaririyar da kuka hana ni gani sai a hoto. Allah Ya raya ta, Ya sa kada ta gado kunnuwanka. Mu nan Siromba da sauƙi. Ruwa ya yi yawa bana, gwaza ta ruɓe a gonar gangare, amma koko ya yi kyau. Gwiwata ta hagu ta shiga yajin aiki, ta dama ce kaɗai ke kai ni coci.

Baƙuwar da ka turo ta iso, Misis Halloran, rana ta gasa ta jawur kamar ƙaguwa a tukunya. Ta zauna a tabarmata ta yi mini bayani a hankali. Ta ce akwai doka ta duniya da ta haramta jefa bam a kan mutanen da ba sa riƙe da makami, kuma ba mai sakin bam ɗin kaɗai ake nema ba, har da wanda ya ba da umarni, ko da ya tsufa, ko da ya ƙaura wata ƙasa. Ta ce ita da abokan aikinta suna da ranar da aka jefa mana bam, suna da sunayen mamatanmu, abin da ya rage musu sunan babban da ya ce a jefa. Idan suka same shi za su san takardun da za su nema. Na ba ta ruwan kwakwa, na ce ni tsohuwa ce, kaina ya zama kwando. Ƙarya na yi mata, Allah Ya yafe mini.

Kai ba ka tuna ranar, wata bakwai gare ka, kana goye a bayana. Mata ne a bakin rafi suna wanki, mahaifiyarka Siriana tana cikinsu, ni na hau tudu ɗebo ganye. Jirgi mai saukar ungulu ya zagaya sau biyu, ƙasa-ƙasa, har ina ganin takalmin na bakin ƙofa. A zagaye na uku ya saki. Ba zan rubuta maka abin da muka tsinta ba. Da zanen da ta ɗaura na gane 'yata.

Ka dai san an yi sulhu bayan yaƙi. Sojoji huɗu suka zo, aka karya baka da kibau, muka tauna buai, goron ƙasarmu, tare har bakinmu ya yi ja, kowa ya tofa a rami ɗaya, aka ɗora dutse. Ka san ƙa'idar: duk wanda yawunsa ke cikin ramin, maganarsa ta mutu, wanda ya tone ta kuma ciwo ya ci gidansa. To a ranar, bayan an watse daga cin alade, ɗaya daga cikinsu, Kofur Nalau, ya biyo ni bayan ɗakin girki yana kuka kamar an yaye shi. Shi ne mai riƙe rediyo a jirgin. Ya ce sau biyu yana faɗa wa babbansu cewa mata ne da yara ke wanki, babu bindiga ko ɗaya, babban ya amsa daga ofishinsa cewa su ne ke dafa wa 'yan tawayen da ke daji abinci, a jefa. Ya faɗa mini sunan. Nalau ya rasu bara. Yanzu a duk duniya daga mai sunan sai ni muka san wannan magana.

Ƙanena Tuvoro, tunda aka ba shi sarautar gari, ya ji labarin baƙuwar ya zo yana huci. Ya ce in na buɗe baki na tone dutse, zan jawo wa zuriya annoba, kuma samari za su koma tunanin ramuwa. Ban raina tsoronsa ba, shi ma matarsa na cikin taran. Amma na ce masa ni na wanke masa gindi yana ƙarami, kada ya koya mini al'ada. Na tambaye shi yawun mutum nawa ne a ramin nan daga ɓangarensu. Ya ce huɗu. Na ce to huɗun nan na yafe musu har ga Allah, ko kotu ta kira ni ba zan taɓa su ba. Amma wanda bai zo ba, bai zauna a tabarma ba, bai dubi idona ba, da bakin wa ya tofa? Ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Tuvoro ya tashi bai taɓa abincina ba, yau sati uku ke nan, matan dangi ma sun daina biyowa ta ƙofata.

Na kwana biyu ina juya abin. In ciwon zai zo, ya zo kaina, dama me ya rage a jikin nan. Abin da nake tsoro in mutu da sunan a bakina, a binne mu tare, shi kuma ya ƙare kwanansa a inuwa yana shan shayi. Ka kai wa Misis Halloran wannan takarda da hannunka. Ka ce mata ta dawo nan da na'urarta ta ɗaukar magana, kwandon ya daina yoyo, zan maimaita komai a gaban kowane alƙali.

Gwaggonka Ruvina tana gaishe ka, da Kelemen da yaransa. Tuvoro bai ce in gaishe ka ba, amma ka rubuto masa, kakanka ne. Ka gaishe mini da Filomena, ka ce ta ƙara maka abinci, wuyanka ya yi tsawo a hoto.

Taka har kullum,
Kakarka Dorotea

Amsar ita ce Kanar Gideon Tomarap. Shi ya ce a jefa.