Takarda ta Hamsin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Wata biyu ina rubuta saƙon nan ina gogewa, yau dai na daure. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗinki nake yi a Hayin Banki, iyakar karatuna firamare. 'Yata ta fari tana jami'a, tana karantar halayyar ɗan Adam, kuma akwai wani kwas na lissafi da suke yi, inda ake tara amsoshin mutane a fitar da matsakaici. Malaminsu ya ce kowa ya raba takardun tambayoyi hamsin ga matan unguwarsu, a kan barci da damuwa. Sai taifot ya kwantar da ita, na ce ta kawo in raba wa masu kawo mini ɗinki.

Arba'in da ɗaya na samu, sauran matan suka ƙi, wai ko na gwamnati ne. Lokaci ya ƙure, na kasa faɗa mata. Sai na zauna gaban keken ɗinki na cike sauran taran da kaina, ina canza biro. Ban iya ƙirƙiro mutum ba, sai na riƙa tuno waɗanda suka rasu, Inna, yayata, maƙwabciyarmu ta Rafin Guza da sauransu, ina amsawa yadda na san za su amsa. Takwas na samu. Ta hamsin ba sauran wadda zan tuno, sai na amsa ta da gaskiyar abin da ke raina.

Da ta gama lissafin ta nuna mini zanen, kowace mace ɗigo ɗaya. Tun ranar, ko keke nake takawa ɗigogin nan nake gani, na san Inna tana cikinsu, na sa matattu sun ba da shaida. Amma ɗigo ɗaya ya fita can nesa shi kaɗai, ta hamsin. Malamin ya ce a lissafi ana iya ware shi, sai dai mutum ce, a nemo ta a kai ta ga likita. Kullum yarinyar nan sai ta tambaye ni, Umma wace ce? Na ce na manta, ta ce ni da ban taɓa manta awon kwastoma ba.

Masu sanin jami'a, in an cire takardu tara ana iya sake lissafin, ko korar ta za a yi? Kuma in na faɗa mata su waye takwas ɗin, ta hamsin fa, in ce mata wace ce?