Katin Bayi

Laraba da dare, Maris 1984

Yau ma Garba foman ya hana ni katin zuwa bayi, kati ɗaya tak ga layinmu duka a masaƙa. "Malam Sani, sau biyar ke nan! Barci kuke zuwa yi?" Mutumin da ni na koya wa ɗaura zare! Ina gaban inji fitsari ya ƙwace mini, azahar ta wuce ni babu tsarki.

Likita ya ce naman wuyan mafitsara ne ya kumbura, ko a yanka mara a cire, ko a kankare ta hanyar fitsari. Wata shida ina tsoron wuƙa. Gobe zan ce su yanka. Gara wuƙar da in sake miƙa wa Garba hannu.