Abin da Na Faɗa wa Baba a Kalaba

Laraba da dare, Potiskum

Jiya muka dawo daga Kalaba, amma har yanzu na kasa sakewa.

Shekara talatin Baba yana loda shanu zuwa kudu bai taɓa ganin jirgin ruwa ba, shi ya sa na tafi da shi taron ofishinmu. An sauke mu a wani tsohon otal na zamanin Turawa, benen katako a bakin tashar jiragen ruwa. Muna karyawa da abokan aikina a baranda, sai wani ƙaton jirgi ya shigo. Baba ya miƙe da burodi a hannu, ya ɗaga murya: "Habu, taso ka gani! Wannan shanu nawa zai ɗauka?" Kowa ya juyo, wata ta yi dariya. Na ce, "Baba, don Allah ka zauna, nan ba Kasuwar Shanu ba ce."

Ya zauna. Kwana biyun da suka rage bai ƙara saukowa daga ɗakinsa ba, wai ƙafa ke damunsa. Na san ba ƙafa ba ce.

Ɗazu bayan la'asar na tarar da shi a ƙofar gida yana ba maƙwabta labari, yana ta sa mini albarka. Maƙwabcinmu Malam Goni ya tambaye shi ko ya je kusa da jiragen.

Ya ce, "A'a, ta taga na kalla. Habu yana tare da manyan mutane, ban so in ba shi kunya ba."

Na shige gida ko gaishe su ban iya ba. Tuwona yana nan a rufe.